Kwana a Rumfar Tasalla

Gulbi ya cika da la'asar,
ya hau hanyar Madarunfa ya kwanta kamar gadonsa.
Babur ɗina ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
A bayana akwatin allurar awaki,
ƙanƙarar cikinsa ta fara komawa ruwa.

Na tambayi wani yaro mai koro shanu
ko akwai firiji a garin.
Ya dube ni, ya dubi carbin da ke wuyana,
ya ce, "Akwai ɗaya, malam,
sai dai ba za ka so wurin ba."

Rumfar tana ƙarshen gari, inda gero ya fara,
bayan gawo biyu da suka tuɓe ganye don damina.
Benci huɗu, fitila mai cin rana,
rediyo da aka ɗaure wa ciki da roba.
Tasalla ba ta tambayi sunana ba.
Ta buɗe firijin, ta matsar da kwalaben giya gefe
kamar mai gyara wa baƙo wuri a tabarma,
ƙananan kwalabena suka shiga sahu.

Ni ban taɓa sha ba.
Ta ɗora mini shayi a kan gawayi,
ta ba ni kofin da ba ya yawo.

Nomau mai ginar rijiya ya rantse
ya ga taurari da rana tsaka daga gaba ashirin.
Arzika, tsohon jandarma,
yana sara wa kowace ƙwarya kafin ya kai ta baki.
Ɗan Jimo mai fetur a kwalba
ya shigo da warin hanyar Jibiya a rigarsa,
ya zauna nesa da wuta, don ya san kansa.

Ana tsakiyar kokawa a rediyo,
an kama ƙafa, fili ya ɗauki ihu,
sai ta miƙa hannu ta kashe.
Ta kashe fitilar ma.
"Batir ba zai kai asuba da baki uku ba," in ji ta,
"maganin awakinku ne a ciki."
Aka yi gunaguni, aka sha sauran a duhu,
har yau ban san wanda ya faɗi ba.

Da suka watse ta haska bango da tocila.
Bashin gari ne a rubuce da gawayi,
kowa da layinsa, sanda-sanda kamar shuka.
Can sama akwai wani layi da ya dushe,
sanda goma sha ɗaya.
"Mantau ne. Shekara huɗu da rasuwa."
Na ce ai sai ki goge.
Ta ce, "In na goge, wa zai san ya zauna nan?"

Gadon kara ta ba ni a ɗakin buhuna.
Sauro ya karɓi nasa haraji,
kwaɗi suna ta musu a fadama,
ni kuwa kunnena na wajen firiji:
in ya yi gurnani in rufe ido,
in ya ɗauke numfashi in tashi zaune.

Da asuba Nomau ne ya buga ƙyaure,
buta a hannunsa, idonsa ja,
ya nuna mini gabas bai yi kuskure ba.
Kafin hantsi jajayen awaki sun cika gindin gawo,
ɗari da bakwai, har da uku na Tasalla,
Arzika yana riƙe ƙaho yana ba da oda.

Na ciro jaka biyu, ta ture hannuna.
Ta ɗauki gawayi ta je bango,
ƙasa da sunan Ɗan Jimo ta ja sanda ɗaya.
"Na shayi ne. Ka dawo ka biya."

A takardar ofis, a Maradi,
wurin da aka ce a faɗi masauki,
na rubuta: ƙauye.
Damina biyu ke nan.
Ina sane ban koma ba.